Ƙafar Keken Baba da Tafiyata Tamale

Tun da na dawo daga Tamale, kusan kowa a ajinmu sai ya tare ni da tambaya: yaya Gana take, me na ci, da gaske ne mata na tuƙa babur da goyo a baya. Ni kuwa ba gwanin magana ba ne. In mutum uku suka zuba mini ido, abin da na shirya faɗa sai ya gudu. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa. Na bi ɗan littafin da na riƙa rubutu a ciki a hanya, don kada in ƙara ko in rage.

Dole in fara daga gida, domin ba taron ɗalibai kaɗai ya kai ni ba.

Mahaifina ya yi aikin reluwe a Kafanchan har ya yi ritaya, ya koma ƙauyenmu da ke gefen hanyar Kagoro. Dattijon ikilisiya ne, shi ke zaga marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya zuwa sujada. A kan baƙin kekensa yake yin wannan zagaye, keken da ya girme ni. Shi ya koya wa yawancin yaran ƙauyenmu hawa keke, kuma darasinsa na farko bai taɓa canzawa ba. In ka hau kwalta, ka bi hannun da za ka riƙa fuskantar motoci. "Ka gan shi yana zuwa," haka yake cewa. "In ya nufo ka, ka faɗa ciyawa. Kar ka taɓa ba mota baya."

Bara da damina, a bakin wani gidan mai kafin a shiga gari, wata mota ta fito ta buge shi, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Direban saurayi ne. Ya tsaya, ya kai shi asibiti, yana ta rantsuwa cewa bai gan shi ba. Babu wanda ya yarda da shi. Da rana tsaka ne, Baba kuma farar riga ya sa.

Yayata Rifkatu nas ce. Ita ta sa aka cire ƙafar gaba ta keken, ta ba ni in ɓoye, ta ce Baba ba zai taɓa bincika ɗakina ba saboda yana girmama littattafai. Ƙafar ta yi wata da watanni a bayan akwatin littattafaina. Kafaɗa ta warke, amma Baba ya zama mai zaman gindin mangwaro. Ba ya hawa acaba, ya ce kansa na juyawa. Wata tsohuwa da ya saba kai wa addu'a ta rasu bai samu ganinta ba, ya yi kwana biyu ana mayar da kwanon abincinsa yadda aka kawo.

Ana gobe zan tashi ya kira ni.

"Ishaya, an ce garin da za ka, masu keke suna da hanyansu dabam."

"Haka na karanta, Baba."

"Karatu dabam ne. Ka je ka duba da idonka. Kai ba ka iya ƙarya ba, ko na wasa. In ka dawo ka ce mini in haƙura da keke, na haƙura, ba zan ƙara magana ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Na san inda ƙafan yake. Ban taɓa ba."

Da wannan nauyin na shiga mota.

Mu biyu sashenmu na tsara birane ya zaɓa mu je taron, wanda aka shirya kan tafiyar ƙafa da hawa keke a biranen Afirka. Ɗayan shi ne Abdulmumini, muna kiransa Mumini. Gidansu tsofaffin 'yan kasuwar Kafanchan ne, kuma duk maganar da Allah ya hana ni shi ya ba. Kafin mu kai Kwoi ya san sunan direba da garin matarsa. Ni taga na riƙe, ina kallon masu keke. Daga gida har Jere abu ɗaya na gani: da zarar mota ta doso, mai keke sai ya sauka daga kwalta ya shiga ciyawa, ko da buhun citta a kariyar bayan kekensa, ya jira ta wuce. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Ni ma sai da na fara rubutawa na lura cewa tun ina yaro nake ganin haka.

Daga Abuja muka hau doguwar mota zuwa Legas, daga can kuma wata mai zuwa Akra ta bakin teku. A kan iyakar farko na fara jin kunyar tafiya. Katin rigakafina na cutar shawara na sa shi a tsakiyar wani littafi don in gane inda na tsaya, littafin kuma yana cikin jakar da aka zuba a ƙasan mota, a bayan dilolin atamfa. Sai da aka sauke kayan mutane kafin a kai gare ta. Wata mai fataucin zannuwa ta riƙe ƙugu ta ce, "Ɗan boko, kai za ka sa mu tsufa a boda?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Da aka buɗe jakar, jami'ar da ke bincike ta ciro tef ɗin awona, dogon nan irin na masu safiyo, ta tambaye ni da Turanci me zan yi da shi. Na juya na dubi abokin tafiyata. Mumini ya matso ya ce, "Madam, titi yake aunawa. Ko a gida haka yake, an yi addu'a an gaji." Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi dariya, ta mayar da tef ɗin ta ce in na gama da titin in zo in auna mata layin nan na mutane.

A Kwatano na fara ganin abin da na karanta. A gefen babban titi an ware wa masu babur hanyarsu, 'yan acaba sanye da riguna ruwan ɗorawa suna ta kwarara a ciki. A Lome na ga teku karo na farko a rayuwata, ta tagar mota, na kuma manta ban rubuta komai a kai ba. A Akra Mumini ya sayo mana wani dunƙulen tuwon masara mai tsami da aka dafa cikin ɓawon masara, da ɗanyen barkono da soyayyen kifi. Na ci rabi don kada ya ji ba daɗi. Daga nan muka miƙi hanyar arewa, muka wuce Kumasi. Bayan Kintamfo ƙasa ta fara kama da tamu, ga kaɗanya, ga doya an jera a bakin hanya, sai na ji kamar mun yi zagaye ne za mu ɓullo ta Kachia.

An sauke mu a ɗakin kwanan ɗaliban wata makaranta da ke hutu. Gado mai hawa biyu, fanka mai kuka, bokiti ɗaya mu biyu. Abincin da na fi so shi ne tuwon da suke kira tuwon zafi. Ya fi namu laushi, yana da ɗan tsami, ana ci da miyar ayoyo. Gaisuwarsu ta burge ni. Yaro ko budurwa in za su gaida babba sai su durƙusa sosai, duk abin da aka ce kuma amsar ita ce "naa", a ja ta a hankali. Na ga wani saurayi ya taka birki, ya sauka daga kekensa, ya durƙusa wa wani tsoho, sannan ya hau ya wuce. Mutanen gari Dagombawa ne, amma da yawa suna jin Hausa, Hausarsu ma ta fi kama da tamu ta kudancin Kaduna fiye da ta Kano.

Hanyar keken kuwa tana nan. A manyan titunan gari, ta kowane gefe, an raba ta da hanyar mota da ɗan dakalin siminti. Na tsuguna na auna, Mumini ya riƙe mini bakin tef yana gaya wa masu wucewa cewa ni injiniya ne daga Abuja. Abin da ya fi tsaya mini ba faɗinta ba ne, mutanen cikinta ne. Na ga tsoho da akuya a kwando, na ga 'yan mata da hijabi suna hira a jere, na ga wani da kwat da jaka a kariya. Ba wanda ke waige, ba wanda ke shirin faɗawa ciyawa. Ba zan ɓoye ba, a wasu wuraren masu tireda sun cinye hanyar, babura da kekuna masu ƙafa uku suna kutsawa, wani wurin ma dakalin ya farfashe. Duk da haka tsoho yana tafiyarsa a kan keke kamar yana tsakar gidansa. Na tuna Baba, na kasa ci gaba da awon.

A zauren taro an yi magana da yawa. Wata mata daga Holan ta ce kada mu ɗauka da hanyoyin keke aka halicci ƙasarsu. Ta ce akwai lokacin da motoci suka riƙa kashe yara a tituna, sai da iyaye suka fito suka matsa wa hukuma kafin a canza. Wani ya ba da labarin babban birnin Kolombiya, inda ake rufe wasu manyan tituna ranar Lahadi a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Wani tsohon injiniya kuma ya ce fenti ba ya tare mota, siminti ke tare ta, ya ƙara da cewa mu fi sa ido a mahaɗa da bakin lunguna, domin a nan ake yawan karo. Na rubuta wannan, na ja layi a ƙasa, ban kuwa gane shi ba tukuna. Na shirya tambayoyi uku. Har aka tashi ban ɗaga hannu ba.

A rana ta uku aka kawo kekunan haya, za a zaga gari da mu da hantsi. Rabona da keke tun haɗarin Baba, kuma ina jin kunyar in yi tangaɗi a gaban mutane, sai na ɗauki ɗaya tun da safe na fita ni kaɗai in gwada ƙafata. Da na iso babban titi ban yi wani tunani ba. Jikina ne ya kai ni hannun hagu, inda zan fuskanci masu zuwa, kamar yadda aka koya mini. Kowa a cikin hanyar keken ni yake fuskanta. Suna kaɗa mini ƙararrawa, suna kaucewa, wasu suna faɗin wani abu da harshensu. Ni kuma ina sunkuyar da kai ina cewa "naa".

Ban yi nisa ba wata tsohuwa ta fito daga wani lungu a kan keke, da babban bokitin koko ɗaure a kariya. Na gan ta sarai. Ta rage gudu, ta juya kai ta dubi hagunta, ta ga ba kowa, ta shigo. Ni ta damanta nake zuwa. Na matse birki, amma ƙafar kekena ta riga ta shiga tata. Muka zube tare. Murfin bokiti ya yi gefe, koko ya malale a kan siminti yana tururi.

Na tashi na ɗaga ta. Gwiwar hannunta ta ɗan kuje. Ta yi mini magana da Dagbanci, da ta ga ban gane ba ta juya Hausa.

"Kai ɗan ina ne?"

"Najeriya, Mama. Ki yi haƙuri, ki gafarce ni."

"A Najeriya ta nan kuke bi?"

"A garinmu, e."

"To Allah ya tsare garinku." Ta duba hannunta, ta duba kokon. "Ni ban gan ka ba. Yaya zan gan ka? Ba a fitowa ta nan. Shekara nawa ina fita lungun nan, can nake duba, can ne abu yake zuwa."

Ban san lokacin da na zauna a kan dakalin ba. Maganar da direban nan ya yi ta maimaitawa a asibiti ke nan, har muka ce maƙaryaci ne. Na ciro littafina na zana bakin gidan man, na zana motar tana shirin hawa titi ta yi dama, na sa kibiya inda direba zai duba. Hagu zai duba, domin ta can motoci ke zuwa. Na sa ɗigo inda Baba yake. Yana dama, a wurin da ba mai neman kowa.

Tsohuwar ta ɗauka na ji ciwo ne. Sunanta Hajiya Fusaina, koko take kaiwa bakin tasha kowace safiya. Ta zauna kusa da ni, ni kuma da ban iya magana ba na ba ta labarin Baba tun daga farko, har da ƙafar keken da ke bayan akwatina.

"Shekaransa nawa?"

"Ya haura saba'in."

"Ƙanena ne," in ji ta, ko da yake ban ga alamar ta girme shi ba. "Ni ranar da yarana suka karɓe keken nan, ba zan daɗe ba, na faɗa musu." Ta buga dakalin da tafin ƙafarta. "Amma ku ba ku da wannan."

"Ba mu da shi."

"To ban san abin da zan ce maka ba, ɗana. Abin da na sani, mutum ya bi inda ake duba shi. Na baya kuma ga wannan." Ta nuna wani ɗan madubi da ke ɗaure a hannun kekenta, wanda faɗuwar ta karkatar.

Ba ta bar ni haka ba. Ta sa na ɗauki bokitin muka koma gidanta, na wanke shi tas, ta sake cikawa daga tukunya, na tura mata keken har bakin titi. Sai da ta ga na ɗauki nawa keken na tsallaka ɗaya hannun sannan ta hau. Da Mumini ya ji labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce na zo koyon tsaron hanya na kaɗe uwar garin. Da na nuna masa zanen sai ya daina dariya. Shi ya raka ni kasuwa na sayi madubi.

Dawowa ba ta da labari. Katin rigakafi yana aljihun gaba, ba wanda na tsayar. Kwana uku ina shirya abin da zan faɗa, ina rushewa.

Na iske Rifkatu a gida, ta zo hutun mako. Bayan an ci abinci Baba ya ce, "To, me ka gani?" Na ba shi labarin hanyar keke, da dakalin, da tsoho mai akuya. Sannan na buɗe littafin na ajiye zanen a gabansa, na bi da yatsa ina bayani, ban ɗaga kai ba. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ashe yaron nan gaskiya ya faɗa," in ji shi a hankali. "Ni kuwa na riƙe shi a zuciya." Ya cire tabarau. "Yara nawa na koya wa haka, Ishaya?"

Na ja littafin na rufe.

Rifkatu ta ce, "Ko ta wane hannu ne, hanyar nan ba ta da gefe. Tifa ba ruwanta da hannu. Can suna da siminti, mu me muke da shi? Ka faɗa masa gaskiya."

"Gaskiya ne, Yaya," na ce. "Ba mu da komai."

"To," in ji ta.

Baba bai dube ta ba, ni yake kallo. "Na ce abin da ka faɗa shi ne."

Na ce ba zan iya cewa hanyar tana da lafiya ba, domin ba ta da shi. Amma na ga abin da zaman gindin mangwaro ke yi masa, shi ma ba lafiya ba ne. Na ce ya bi hannun dama, ya sa madubi, ya bi ta gonaki duk inda akwai hanya, kwalta kuma sai da safe kafin manyan motoci su yi yawa. Ranar Asabar zan riƙa zuwa in bi shi a baya har jikinsa ya saba. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙafar. Tayar ta sace, gizo-gizo ya yi saƙa a wayoyinta.

Rifkatu ta miƙe. "In wani abu ya same shi, kai ne."

"Na sani, Yaya."

Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, ban kuma ga laifinta ba.

Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, Baba ya tashi a majami'a ba tare da an kira shi ba. Ya ce duk wanda ya koya wa hawa keke, da 'ya'yansu, su saurara. Ya ce abin da ya koya musu game da fuskantar mota kuskure ne, shi ya kusa kashe shi, kuma ya ɗora wa wani bawan Allah laifin da ba nasa kaɗai ba. Wasu tsofaffi suka yi ta gunaguni, na ji wani a bayana yana cewa shi dai ba zai ba mota baya ba. Baba ya zauna.

Asabar da ta biyo muka fita. Na ari keken maƙwabcinmu. Za mu gaida wani tsoho da ciwon ƙafa ya kwantar, gidansa kuma ba a zuwa sai an ɗan hau kwalta. Da muka iso bakin titi na ga kan keken Baba ya karkata hagu da kansa. Ya tsaya, ya sauka, ya duba nan ya duba can, ya tura keken ya tsallaka. Ya gyara madubin sau biyu kafin ya hau.

Ba mu yi nisa ba na ji ƙarar mota a bayanmu, ta danna hon. Kafaɗun Baba suka ɗaga har kusa da kunnuwansa. Na ga kansa ya juya wajen ciyawa, keken ya ɗan yi rawa. Sai ya sauke ido kan madubin, ya riƙe hannun keken, ya ci gaba da taka feda. Motar ta ɗan buɗe ta wuce mu, iskarta ta kaɗa masa riga.

A ƙofar gidan ya sauka. Ya goge hannunsa a jikin wando. Ya ciro Littafi Mai Tsarki daga kariya, ya ce, "Riƙe mini keken," ya yi sallama ya shiga. Daga ciki na ji muryar tsohon yana cewa, "Dattijo, kai ne? Na ɗauka sai a sama."

Ni kuma na tsaya a waje da kekuna biyu, ina kallon titin da za mu sake bi mu koma.